Dankali, Kyanwa da Zaƙami: Yadda Ilmin Halittu Ke Tona Kurakuran Littattafan Maitar Turawa

A kasuwannin Jos da Kano, dankalin Turawa shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira "Airish", watau na ƙasar Ailan. Sunan ya bi shi ne saboda yadda mutanen wannan tsibiri suka dogara gare shi, har ta kai lokacin da wata cuta ta faɗa wa gonakinsu a shekarar 1845, yunwar da ta biyo baya ta hallaka kimanin mutum miliyan 1. To amma asalin wannan shuka tsaunukan Andis ne na ƙasashen Peru da Bolibiya, kuma ba ta shiga Turai ba sai a rabi na biyu na ƙarni na 16. Duk da haka, a shekarar 1993 an buga wani littafi a Amurka wanda ya ɗauki alkawarin koya wa masu farawa tsohon addinin gargajiya na mutanen Ailan, ya kuwa sanya dankali cikin abubuwan da magabatan nan suke tsarkakewa. Addinin Kirista ya isa Ailan tun a ƙarni na 5. Ke nan maguzawan da littafin ke magana a kansu sun riga dankali barin fage da sama da shekara 1,000, ba su taɓa ko ganinsa ba.

Wannan kuskure abin dariya ne, kuma bai cuci kowa ba. Amfaninsa shi ne ya nuna wata hanya ta bincike wadda ba ta bukatar shiga gardamar addini. Kowace shuka da kowace dabba tana da wurin da ta fito, da lokacin da ta isa wata ƙasa, da irin aikin da take yi a jikin ɗan Adam. Idan marubuci ya ambace ta, to ya kira shaidar da za a iya yi wa tambaya.

Su wane ne masu waɗannan littattafai

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 aka sami wasu jama'a a Ingila da Amurka da ke kiran kansu sababbin maguzawa. Reshensu mafi shahara shi ne Wika, wanda mabiyansa ke kiran kansu mayu. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta maguzanci a matsayin addininsu, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wika. Da yake ba su da malamai masu ijaza ko makarantu tsayayyu, yawancin masu shiga daga littafi suke farawa, shi ya sa littattafan masu farawa suka zama babbar kasuwa ga kamfanonin ɗab'i.

Dole a yi hattara da kalmar maita a nan. A ƙasar Hausa maye shi ne wanda ake zargi da kama kurwar mutum. A Turai kuwa, tsakanin ƙarni na 15 da na 18, wanda aka zarga da maita ana tuhumarsa ne da cutar da mutane da dabbobi ta hanyar sihiri, da ƙulla alkawari da Shaiɗan, da tashi sama cikin dare zuwa taron asiri. Masu Wika na yau su suka zaɓi sunan da kansu, suna nufin bukukuwan sauyin yanayi da bauta irin tasu da tsafe-tsafe. Abin da suka gaskata a zuci ba hurumin kimiyya ba ne. Abin da littattafansu ke faɗa game da tarihi da tsirrai da cututtuka kuwa, ana iya auna shi.

Tushen labarin

Kusan duk littafin masu farawa na shekarun 1970 zuwa 1990 da labari guda yake buɗewa: wai akwai wani addini da ya faro tun zamanin da mutane ke amfani da makaman dutse, ya ɓuya a ƙauyukan Turai bayan zuwan Kiristanci, mabiyansa ne aka riƙa ƙonewa da sunan mayu, sauran da suka tsira kuma suka miƙa shi hannu da hannu har zuwa yau. Uwar wannan labari ita ce Margaret Murray, masaniyar tarihin tsohuwar Masar a wata kwalejin jami'ar Landan, wadda ta wallafa ra'ayin a 1921. A shekarar 1929 kundin ilmi na Biritanika ya ba ta aikin rubuta bayanin maita, ta kuwa rubuta ra'ayinta tamkar abin da masana suka haɗu a kai. An ci gaba da sake buga wannan bayani har kusan ƙarshen shekarun 1960, watau kimanin shekara 40 duk ɗalibin da ya buɗe kundin abin da zai tarar ke nan.

A 1975 masanin tarihi Norman Cohn ya ɗauko takardun shari'o'in da Murray ta kafa hujja da su, ya gwama da abin da ta kwafa. Sai ya tarar tana ɗaukar sassan da hankali zai karɓa, kamar taro da cin abinci da rawa, tana tsallake waɗanda ba za su yiwu ba. Alal misali, Isobel Gowdie, wata mace da aka tuhuma a Sikotlan a 1662, ta ba da labarin liyafar mayu, amma a cikin jawabin nata ɗin ta ce suna hawan karan ciyawa su tashi sama, suna kuma rikiɗa su zama zomaye. In an cire zomaye sai labarin ya yi kama da rahoton taron ibada. Duk ɗalibin kimiyya ya san sunan wannan laifi: mai bincike ya zubar da sakamakon gwajin da bai dace da zatonsa ba, ya nuna sauran.

Kafin a gano haka, ra'ayin ya riga ya haifi 'ya'ya. Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, ya fitar da littafi a 1954, shekara 3 bayan an soke dokar maita ta Ingila, inda ya ce ya haɗu da ragowar mabiya wannan tsohon addini. Murray ce ta rubuta masa gabatarwa. A 1999 Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi sawun addu'o'i da bukukuwan Wika, ya nuna an harhaɗa su ne daga rubuce-rubucen ƙarni na 19 da na 20. Mabiya da yawa sun karɓi wannan bincike ba tare da sun bar addininsu ba, sai dai tsofaffin littattafan suna nan ana sake buga su yadda suke.

Lissafin miliyan 9

Adadin da ya fi kowanne yawo shi ne cewa an ƙone mayu miliyan 9. Masanin tarihi Wolfgang Behringer ya bi diddiginsa har zuwa ga wani jami'in garin Quedlinburg na Jamus mai suna Gottfried Christian Voigt. A 1784 Voigt ya duba ma'ajiyar takardun garinsu, ya sami 'yan gomomin shari'o'i daga ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da farautar mayu ta fi tsanani. Sai ya ɗauka haka aka riƙa kisa a kowane yanki na Turai, ya kuma ɗauka an yi ta yi ba fashi har tsawon ƙarni 11, ya ninka, ya sami miliyan 9 da ɗoriya. Misalinsa kamar mutumin da ya ƙidaya sauro a bakin kududdufi cikin watan Agusta, ya ninka da faɗin ƙasar Nijeriya da kwanakin shekara, har da na hunturu. Matilda Joslyn Gage, 'yar gwagwarmayar 'yancin mata a Amurka, ta ɗauki adadin a littafinta na 1893, daga nan ya shiga rubutun Gardner da na waɗanda suka biyo shi.

Masanan da suka zauna suka ƙidaya shari'o'i lardi bayan lardi sun tsaya ne tsakanin mutum 40,000 da 60,000 da aka kashe daga wajen 1450 zuwa 1750, kusan rabinsu a ƙasashen masu jin Jamusanci. Wannan ma ba ƙaramin ta'asa ba ne, kuma kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 mata ne, ko da yake a Aislan da Rasha maza suka fi yawa. Ba kowa aka ƙone ba. A Ingila rataya ake yi, haka ma a garin Salem na Amurka a 1692, inda aka rataye mutum 19, aka danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu. Takardun kuma sun nuna waɗanda aka kashe talakawan Kirista ne da maƙwabta suka zarga bayan mutuwar yaro ko saniya.

Kyanwa da Baƙar Annoba

Wani labarin da ake so ƙwarai ya shafi dabba. An ce Paparoma Gregory na 9 ya la'anci kyanwa a 1233, Turawa suka karkashe kyanwoyinsu, ɓeraye suka yi yawa, sakamakon haka Baƙar Annoba ta 1347 zuwa 1351 ta cinye su. Takardar Paparoman tana nan. Magana take a kan wata ƙungiya a Jamus da aka zarga da bauta wa Shaiɗan, ta ambaci baƙar kyanwa cikin abin da aka ce suna yi, amma ba ta umarci kowa ya kashe kyanwa ba.

Ko da ta umarta, lissafin halitta bai yarda ba. Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 65, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Tsakanin takardar da annobar akwai shekara 114, lokacin da ya isa a cike kowane giɓi sau da yawa. Bugu da ƙari, ƙwayar cutar, Yersinia pestis, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, tana kama kyanwa da sauƙi. Kyanwa kan ɗauke ta daga ɓeran da ta ci, ta kawo ƙumar ɓeran cikin ɗaki, ko ta yi wa mai ita tari a fuska. A yammacin Amurka an rubuta mutum 23 da suka kamu da cutar ta hanyar kyanwa tsakanin 1977 da 1998. Sannan annobar ta yi wa Alkahira da Dimashƙu mummunar ɓarna, alhali birane ne da kyanwa ke da daraja a cikinsu.

Shi ma bayanin da ake bayarwa game da Salem yana da kamar kimiyya, shi ya sa yake da wuyar kankarewa. A 1976 Linnda Caporael ta kawo shawara a mujallar Science cewa 'yan matan da suka fara zargin sun ci burodin hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama, wanda fumfunar Claviceps purpurea ta kama. 'Yar'uwar wannan fumfuna takan kama zangarniyar gero a Afirka da Indiya. Gubarta tana sa farfaɗiya da gane-gane. A cikin shekarar nan Nicholas Spanos da Jack Gottlieb suka mai da martani a mujallar: gubar abinci gida guda take kamawa tun da tukunya ɗaya ake ci, tana zuwa da amai da gudawa, kuma ba ta ɗaukewa ta dawo daidai lokacin da aka shigo da wanda ake tuhuma gaban alƙali, kamar yadda ciwon 'yan matan ya riƙa yi. Littattafan masu farawa sun riƙe shawarar, sun manta da martanin. Ba su kaɗai ke da wannan hali ba. Taswirar harshe da ke nuna wai zaƙi a gaba ake jinsa, ɗaci a baya, ta daɗe a littattafan kimiyya na makarantu bayan gwaji ya rushe ta a 1974.

Inda kuskure ke kisa

Duk abin da ya gabata, iyakarsa mai karatu ya tashi da tarihin da ba daidai ba. Babin tsirrai daban yake, domin a nan ne littafi ke cewa a tafasa, a sha, ko a shafa.

Mafi shahara shi ne man tashi sama, wanda aka ce mayu na shafawa kafin su hau tsintsiya. Littattafan kan jera kayan haɗinsa a matsayin sirrin da aka gada daga tsofaffin mata masu magani: beladona, da Hyoscyamus niger, da saiwar mandaragora, da akonit, wasu har da Datura stramonium. Na ƙarshen nan ya faɗa ramin da dankali ya faɗa, domin daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492. Sauran kuwa, jerin nasu ya fito ne daga alƙaluman likitoci da malamai na ƙarni na 16, irin su Giambattista della Porta, waɗanda ke neman bayanin da hankali zai kama game da iƙirarin tashi sama. Likitan Sifen Andrés Laguna ya ba da labarin yadda a 1545 ya sami wani koren mai da aka ƙwace daga wasu tsofaffi biyu da aka zarga, ya shafe matar haunin birnin Metz da shi, ta yi barcin awa 36, ta farka tana ba da labarin mafarkai. A ɗaya ɓangaren, lokacin da alƙalin kotun coci Alonso de Salazar Frías ya binciki zargin maita a yankin Bask a 1611, ya sa an gwada mayukan da aka kawo masa a kan dabbobi, ba su yi musu kome ba.

Abin da babu shakka a cikinsa shi ne aikin waɗannan tsirrai a jiki. Beladona da 'yan'uwanta dangin gauta da tumatir ne, kuma dangin zaƙami, wanda Hausawa suka raɗa wa suna haukata-yaro. Suna ɗauke da sinadarai masu suna atirofin da hayosayamin da sikofolamin. Jijiyoyin jiki suna aika saƙo zuwa ga zuciya da hanji da mafitsara da wuraren fitar yawu da gumi ta hanyar wani sinadari da ake kira asetilkolin, wanda ke shiga mazauninsa kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Sinadaran zaƙami suna shiga wannan kwaɗo su toshe shi ba tare da sun buɗe ba. Daga nan sai baki ya bushe, gumi ya ɗauke, jiki ya yi zafi, baƙin ido ya buɗe har haske ya dami mutum, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. A ƙwaƙwalwa kuma sai ruɗewa: mutum ya yi ta zance da waɗanda ba sa nan, yana tsintar abin da babu a jikin tufafinsa, in ya farfaɗo sau da yawa ba ya tuna kome. Ma'aikatan asibiti a arewacin Nijeriya sun san wannan hoto daga samarin da aka zuba wa zaƙami a abin sha wajen biki.

Kurakurai biyu ne ke maimaituwa a nan. Na farko, cewa shafawa a fata ba ta da haɗarin sha. Sikofolamin yana ratsa fata sarai, shi ya sa likitoci ke manna shi a bayan kunne don hana amai a tafiyar jirgin ruwa, da ma'auni ƙanƙane da aka ƙayyade. Na biyu, ba da ma'auni da ganye ko cokali. Yawan gubar da ke cikin ganye yana sauyawa daga shuka zuwa shuka, daga saiwa zuwa 'ya'ya, daga damina zuwa rani, don haka ganye 3 da suka sa wani maye jiya suna iya kashe wani yau. Akonit kuwa ya fi su duka muni: gubarsa tana rikita bugun zuciya, kimanin miligiram 2 na iya kashe babban mutum, ita ma tana ratsa fata, kuma ba ta da makari.

Akwai kuma tsirran da ba su da mugun suna, waɗanda saboda haka aka fi sakin jiki da su. Mentha pulegium 'yar'uwar na'a-na'a ce, ana rubuta ta cikin magungunan mata don saukar da jinin al'ada. Manta yana ɗauke da sinadarin fulegon, wanda hanta ke juyawa ya koma guba mai kashe ƙwayoyin hantar kanta. A 1978 wata yarinya 'yar shekara 18 ta mutu a jihar Kolorado bayan ta sha kimanin mililita 30 na wannan mai, watau cokali 2 na cin abinci. Haka Symphytum officinale, wadda littattafai da yawa ke yabon shayinta, tana toshe ƙananan hanyoyin jini na hanta a hankali, ba tare da mai sha ya ji kome ba sai ciki ya fara kumbura. A 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye kayayyakin sha da aka yi da ita daga kasuwa. Littafin da aka rubuta a 1985 aka sake bugawa ba gyara bai san da wannan ba.

Makarin gubar zaƙami da beladona kuwa daga Nijeriya ya fito, kuma ta hanyar zargin maita. Mutanen Efik na Kalaba suna da wani wake da suke kira esere, Physostigma venenosum, wanda a da ake ɗura wa wanda aka zarga da maita, kamar yadda aka san shan gwaska a wasu sassan arewa: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotlan suka aika da waken zuwa Edinbara, inda a 1855 Robert Christison, malamin ilmin guba, ya tauna wani yanki don ya ji aikinsa, da ƙyar ya sha. A 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna fisostigmin. Aikinsa shi ne hana jiki rusa asetilkolin, sai ya taru ya yi yawa har ya ture atirofin daga kwaɗon da ya toshe. Thomas Fraser, wanda ya yi karatu a hannun Christison, ya nuna ta gwaji a kan dabbobi cewa kowane ɗaya daga cikin gubobin nan biyu yana karya ɗayan. Likitoci suna amfani da fisostigmin ta allura ga wanda gubar beladona ko zaƙami ta ruɗar, a hankali cikin 'yan mintoci, tare da na'urar duba bugun zuciya a manne da ƙirjin majinyaci.